Taura Biyu A Baki Ɗaya: Sana'ar Gida Da Karatun Yara

 

Kwanan baya na kai wa wani ɗan ƙungiya saƙo a wata unguwa tsakanin Garo da Kabo. Ban same shi ba, ya tafi lambu. Uwargidansa ta shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya ta ce in jira. Na tarar an dawo mata da gyada daga inji, tana tuƙa ta a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan don mai ya taso. Gefe guda ga kasko a kan murhu yana jiran tunkuza. 'Yarta mai shekara tara tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da littafin Hausa a cinya.

Uwar ta ce, "Karanta in ji." Yarinya ta fara haɗa baƙi. Ba ta kai ƙarshen layi ba aka ce, "Miƙo mini ruwan zafin nan." Ta miƙo, ta zauna. "Kore kajin can daga faifai." Ta kore. Ƙaninta ya farka da kuka, ta goya shi. Kafin ta sake gano inda ta tsaya, ƙuli-ƙulin farko ya soyu, aka jera a faranti, aka ce ta yi sauri kada mutane su watse daga bakin hanya. Na yi kusan awa guda a gidan, abin da yarinyar ta karanta bai wuce layi uku ba.

Uwar ta lura ina kallo. Ta ce, "Malam, ka dai ga yadda muke. In na bar gyadar nan ta huce, mai ba ya fita. In kuma na bar yarinyar nan haka, za ta fita firamare ba ta fita da kome ba. Ajinta huɗu, har yanzu sai an yi mata jagora."

Tun ran nan maganar ba ta bar raina ba. Matar nan ba malalaciya ba ce, ba kuma mai ƙin karatu ba ce. Taura biyu aka sa mata a baki, ga shi kuwa ba sa taunuwa. Shi ya sa na ce bari in kawo zancen gaban ƙungiyoyinmu, gama ina ganin a hannunmu maganinsa yake.

Yadda karatu ya dawo cikin gida

Dattawanmu suna tune da shekarar 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin UPE, watau firamare kyauta ga kowane yaro. Daga lokacin iyaye da yawa suka sa a ransu cewa karatu ya zama aikin gwamnati da malamai, nasu dai su sayi riga da littafi. A 2004 aka kafa doka cewa shekara tara na farko na karatu kyauta ne, tilas ne kuma. A 2019 Jihar Kano ta sake shelar ilimi kyauta kuma dole. Duk da haka a 2024 sai da gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Wanda ya yi haka ya san ɗakin yana yoyo. Inda yara suka cika aji maƙil, malami ɗaya ba shi da halin ya tsaya a kan kowane yaro ya ji ko ya iya bambanta "ƙ" da "k".

Ga kuma abin da muka gani da idonmu. A 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu tun ƙarshen watan Maris, yawancin yaran Kano ba su koma ba sai Oktoba. Ba a daɗe da komawa ba, ran 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, wadda in ka bi hanyar Gwarzo ka wuce Malumfashi ka kusa da ita. A watan Fabrairu 2021 aka yi na Jangebe a Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe waɗansu makarantun kwana. A waɗannan watanni duk yaron da bai sami mai koya masa a gida ba, abin da ya sani ma ya zube.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka, hukumar ƙidayarsu ta ce gidajen da ke koyar da 'ya'yansu a gida sun tashi daga wajen kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 11 a cikin 2020 kaɗai. Iyaye da yawa a can sun koma yin aikin ofis daga ɗaki da kwamfuta, suka yi ta kukan cewa aiki da koyarwa sun haɗu sun yi musu yawa. Su baƙon abu ne ya same su. Mu kuwa tun kaka da kakanni tsakar gida ita ce masana'antarmu: nan ake man gyada da daddawa da awara, nan ake surfe, nan ake saƙar faifai da ɗinkin hula, nan keken tela yake, nan ake kiwon kaji da tumakin turka. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu an ɗora mana aji a kai.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce kowa ya cire ɗansa daga makaranta ba. Doka ta hana, hankali ma ya hana. Abin da nake faɗa shi ne, makaranta ita kaɗai ba ta isa ba a halin da muke ciki, ranar da aka rufe ta kuwa, gida ne kaɗai ya rage.

Wa ke biyan kuɗin awa guda?

Masu ba da shawara sukan ce wa uwa, "Ki ware awa ɗaya kullum ki koya wa 'ya'yanki." Faɗa da baki ba wuya. Amma mu da muka saba da littafin ƙungiya, sai mu yi lissafi.

Awar nan hasara biyu ce a lokaci guda. Hannun uwa ya bar aiki, ƙafar yaro kuma ta bar aike. Yaron da ake so ya zauna ya yi karatu, shi ne mai kai niƙa, mai ɗebo ruwa, mai yankan ciyawa, mai raino, mai talla. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan aure ta rataya a wuyan yara masu talla da aike, har in makaranta ta ɗauke yaran, cinikin uwar yakan ja baya. Ita a kan matan birni masu zaman kulle ta yi magana. Matanmu da yawa suna fita, amma wannan bai rage musu kaya ba: suna gandu, suna gayaunarsu, su dawo su ɗora tukunya, sa'an nan su kama sana'a.

Sa'an nan akwai aikin da ba ya jira. Mai awara, in ta tace waken soya ta ɗora, ba ta isa ta juya baya ba, sai ya tafaso ya zube. Lokacin zuba ruwan tsami kuma in ya wuce ya wuce. Mai daddawa tana bin kwanakin kalwarta. Tela ana gobe biki ba ya jin kira. Ribar da ke cikin waɗannan sana'o'i ƙarama ce, tun kuwa da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin niƙa da na mota suka ƙara cinye ta. Daga cikin ribar nan ake sayen gishiri da sabulu da magani, har da littafin da muke so yaron ya karanta. Wanda ya ce wa irin wannan uwa ta bar kasko ta ɗauki alli, bai faɗa mata wanda zai cike gurbin ba, bai ba ta shawara ba, laifi ya ɗora mata.

In kuma muka yi shiru, mun san wanda zai biya. 'Ya mace ce. Ita ake fara tayarwa daga kan littafi, ita ake fara cewa ta yi fashin makaranta ranar kasuwar Getso. Ɗan'uwanta yakan sami sarari da yamma, ita kuwa sai ta gama wanke-wanke ido ya rufe.

Abin da nake gani: gayyar karatu

Gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, gayya muke kira. Kuɗin da ya fi ƙarfin aljihu ɗaya, adashi muke zubawa. Takin zamani da ya yi tsada, ƙungiya ke haɗa kuɗi ta sayo a sari. To, me ya sa karatun yara kaɗai muka bar wa kowace uwa ta yi fama da shi ita ɗaya a bayan danga? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga yadda nake ganin za a yi.

Na ɗaya, gida biyar masu maƙwabtaka su haɗu. Kwana biyar a mako, kowace rana gida ɗaya ke da aikin. Maimakon uwa ta rasa awa biyar a mako, awa ɗaya za ta rasa, a sauran kwana huɗun kuwa za ta sami tsakar gida ba hayaniya. Yara kada su wuce goma sha biyu. In sun fi haka, a raba gayyar biyu.

Na biyu, a tsai da lokaci guda, kowa ya san shi kamar yadda ya san ranar kasuwa. Kada a zaɓe shi daga littafi, a zaɓe shi daga sana'ar gidajen. Inda masu awara suka fi yawa, wadda cinikinta na yamma ne, a yi karatu bayan abincin rana. Inda masu ƙosai da koko ne, wadda tasu ta ƙare tun da hantsi, a yi da la'asar. Awa guda ta isa. Ƙananan 'yan shekara shida da bakwai ma rabin awa ya ishe su, in an ja sai hamma.

Na uku, a fita daga wurin aiki. Yaro ba ya karatu a inda ake iya aikensa. A sami zaure, ko inuwar bishiya, ko a roƙi dattawa ɗakin majami'a, wanda yawancin ranakun mako a rufe yake. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: daga an zauna har a tashi, ba mai kiran yaro, ko uwa ko uba, sai dai in gobara ce.

Na huɗu, wanda bai iya karatu ba yana da nasa rabon. Ranar aikinsa ya nemi wanda zai tsaya masa, shi kuma ya biya da abin da ya iya: ya karɓi rainon jarirai na awar nan, ko ya ɓare wa mai koyarwar gyada, ko ya ɗebo mata ruwa. A kusan kowace unguwa akwai saurayi ko budurwa da suka gama sakandare suna zaune, akwai kuma tsohon malami da ya yi ritaya. In an sami irinsu, kowane gida ya auna musu hatsi da kaka, gwargwadon abin da aka yarda a taro, a rubuta.

Na biyar, ƙungiya ta rage wa yara talla. Wannan shi ne gindin maganar, in ba a taɓa shi ba sauran duk iska ne. Mata biyar masu man gyada, in suka haɗa mansu a jarka, babba ɗaya ta kai Getso ko Gwarzo ko Kabo ta sayar wa 'yan sari, sun huta da tura yara biyar da kwalabe. Tebur ɗaya a bakin hanya, wanda manya ke tsaro bi da bi, ya ɗauki kayan gida biyar. Mai yiwuwa ribar kwalba ta ɗan ragu a sari. Amma a sa a ma'auni har da canjin da ke ɓacewa a hannun yaro, da bashin da ake ci ba a biya, da irin haɗarin da 'ya mace ke gamuwa da shi a tasha da dare.

Me za a koyar?

Kada mu ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu. Abu biyu ne: yaro ya iya karanta Hausa, ya iya lissafi. Sauran a bar wa makaranta. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba ya yi masa wuya kamar wanda ya fara da haddar abin da bai gane ba.

Akwai wata dabara da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, aka kuma gwada ta a nan Jihar Kano daga 2019, a Wudil da Dawakin Tofa, a wani shiri mai suna KaLMA. Dabarar ita ce, kada ka tambayi yaro ajinsa nawa, ka gwada shi ka ga inda ya tsaya. Wani bai san baƙi ba. Wani ya san baƙi, bai iya haɗawa ba. Wani yana karanta kalma, wani 'yan layuka, wani labari sukutum. Sai a zaunar da su bisa ga haka, ko da ɗan aji biyar zai zauna da ɗan aji biyu. Ba abin kunya ba ne, da rarrafe yaro kan tashi. Mu da muke ware iri kafin shuka, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Falange ɗaya a shafa masa baƙin fenti, da kwalin alli. Ƙungiya ta saya daga asusu, a rubuta kamar yadda ake rubuta kuɗin buhu. Ƙasa da tsinke sun isa koyon wasula biyar da su ba, be, bi, bo, bu. Ƙwayar masara da murafen kwalba sun isa tarawa da ɗebewa. In an sami "Ka Koyi Karatu" ko "Magana Jari Ce", madalla. In ba a samu ba, da wuya a rasa Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi a gidajenmu, ga kuma wannan takarda da ke hannunka.

Sana'ar kanta ma aji ce, in an sa hankali. Uwa ta ba yarinya tsohon littafin rubutu ta ce, rubuta: mudu nawa na gyada muka saya, nawa aka biya inji, nawa itace, kwalba nawa ta fita, ƙuli nawa aka sayar. Ranar Asabar su tara su ɗebe. Yarinya ta koyi lissafi, uwa kuma, watakila karo na farko, ta ga ko riba take ci ko uwar kuɗi. Sai dai kada wani ya fake da wannan ya ce ai talla ma makaranta ce. Yara da yawa sun iya ba da canji da ka, amma ba su iya rubuta sunansu ba.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Wani zai ce, damina fa? Gaskiya ne, daga shuka zuwa maimai ba mai sarari. Amma babban hutu yakan faɗo cikin damina, wanda ya fi cin yaranmu shi ne kaka. Makaranta na buɗe sabuwar shekara wajen Satumba, daga Oktoba kuwa ga cirar gyada, ga roron wake, ga yankan dawa. Yaro ya yi fashin farkon shekara, ya koma ya tarar an yi nisa. Saboda haka a lokacin aiki a rage gayyar zuwa kwana biyu, amma kada a kashe ta. Wutar da aka bari da ɗan garwashi ta fi sauƙin hurawa. Da rani kuma, in ban da masu lambu a bakin madatsun ruwa irin su Guzu-Guzu da Magaga, yawancinmu muna da lokaci, sai a cika kwana biyar.

Wani zai ce, mu da ba malamai ba, kada mu ɓata yara. Ku tuna da Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, wadda har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Dattawa nawa ne a cikinmu suka koyi karatu a irin waɗannan azuzuwa, a gindin bishiya, a hannun wanda bai fi su da yawa ba? In ana shakka, shugaban ƙungiya ya je ya gai da hedimasta, ya faɗa masa abin da ake yi, ya nemi shawara. Malamin kirki murna zai yi, gama aikinsa aka sauƙaƙa.

Kalma ga maza

'Yan'uwana, na san da yawanmu mun karanta wannan muna cewa a rai, "Zancen zumuntar mata ne." A'a. A gidaje da yawa maigida ya fi uwargida yawan aji, amma shi ne ba ya zama. Da rani wani yana gindin bishiya tun hantsi har la'asar. Wani yana shagon caji ko gyaran keke a ƙofar gida, rabin yini ba mai zuwa. A cikin kwana biyar ɗin nan, aƙalla biyu su zama na maza. Mai tafiya cin rani kuma ya bar nasa rabon kafin ya tashi, ko hatsi ko kuɗin alli.

Ku tuna abin da ke gaba. Yaron nan shi zai karanta maka abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi kafin ka zuba. Shi zai duba saƙon banki a waya ya gaya maka ko kuɗin masararka sun shiga da gaske. Shi zai karanta takardar rance kafin ka dangwala. Magatakarda da ma'ajin da za su riƙe ƙungiyar nan bayan ba mu, yau suna can suna yawo da faranti a ka.

Don haka ina roƙon kowace ƙungiya, daga Kutama da Lakwaya har Durun da Gammo, a taro mai zuwa a sa wannan magana a jerin abin da za a tattauna, kusa da zancen taki da iri. A rubuta sunayen yara da gidajensu. A gwada kowane yaro a rubuta inda ya tsaya. Bayan wata uku a sake gwadawa. In ba a ga bambanci ba, ku rubuto ku ce na yi kuskure, a buga a wannan fili. In kuwa an gani, ku rubuto ku faɗa wa sauran yadda kuka yi.

Ita kuwa uwargidan da na ba ku labari, da zan tafi ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a takarda, ta ce in na sami dabara in dawo in gaya mata. Ina da niyyar komawa, amma ba ni kaɗai ba. Zan nemi maigidanta da maƙwabtansu huɗu mu zauna tukuna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya yi wa yaranmu albarka.